Sha-kauci da Ruwan Sukari: Yadda Ake Ciyar da Tsuntsaye Masu Shan Fure

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama da hantsi a gindin zogale ko ɗorawa a ƙasar Kafin Hausa, musamman da rani, ba zai rasa ganin wani ɗan mitsitsin tsuntsu mai ƙyalli yana tsalle daga wannan fure zuwa wancan ba. Bakinsa siriri ne, a lanƙwashe kamar lauje, kuma ba ya minti guda a wuri ɗaya. Hausawa suna kiransa sha-kauci, domin yawan ganinsa da ake yi a jikin furen kauci. Abin da yake nema a cikin furen shi ne ɗan ruwan nan mai zaƙi wanda ƙudan zuma ke ɗiba su yi zuma da shi.

A wasu ƙasashe mutane sun daɗe da al'adar jiƙa sukari su rataye a bayan gida domin irin waɗannan tsuntsaye. Aikin ba shi da tsada, kuma makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje za ta iya koyar da darussan kimiyya da dama da shi. Sai dai akwai haɗari a ciki. Ruwan sukarin da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba, ko aka bar shi ya kwana biyu a rana, yana iya kashe tsuntsun da aka yi niyyar taimaka wa. Saboda haka wajibi ne a san tsuntsun, a san abincinsa, kafin a ɗauki cokali.

Asalin al'adar

A gabashin Amurka da Kanada akwai wani tsuntsu da ake kira oriyol na Baltimo, wanda masana suka sa wa suna *Icterus galbula*. Namijin baƙi ne da ruwan lemo. Yakan yi hijira zuwa Amurka ta Tsakiya idan sanyi ya shigo, ya komo arewa a watannin Afrilu da Mayu. A lokacin ne masu gidaje ke tarbarsa da ɓarin lemo da ruwan sukari, galibi awo ɗaya na sukari a cikin awo shida na ruwa. Akwai kuma wasu ƙananan tsuntsaye da ake kira hamingbad, waɗanda sai a nahiyar Amurka ake samunsu. Su ana haɗa musu awo ɗaya a cikin awo huɗu.

Kalmar oriyol ta samo asali daga Latin, ma'anarta mai launin zinariya. A Afirka ma akwai tsuntsaye masu wannan suna, irin su *Oriolus auratus*, wanda jikinsa ruwan ɗorawa ne shar, da baƙin layi a kan ido da jan baki, kuma yakan matso arewa idan damina ta faɗi. Amma shi da na Amurka suna kawai ya haɗa su, danginsu daban. Na Afirka tsuntsu ne mai kunya, yana zama can ƙololuwar bishiya yana cin tsutsa da 'ya'yan ɓaure da makamantansu. Wanda zai amsa gayyatar ruwan sukari a tsakar gidan Bahaushe shi ne sha-kauci.

Wane ne sha-kauci?

Masana suna kiran dangin sha-kauci *Nectariniidae*. Akwai iri fiye da 140 a duniya, mafi yawansu a Afirka, sauran a kudancin Asiya har zuwa arewacin Ostireliya. Uku daga cikin waɗanda aka fi gani a arewacin Nijeriya su ne:

1. *Hedydipna platura*: ƙarami ne ƙwarai, bakinsa gajere. A lokacin aure namijin yana da koren baya mai ƙyalli, ciki ruwan ɗorawa, da dogayen gashin wutsiya guda biyu.
2. *Cinnyris pulchellus*: namijin kore ne mai sheƙi, da ja a tsakiyar ƙirji da ruwan ɗorawa a gefe, shi ma da doguwar wutsiya.
3. *Chalcomitra senegalensis*: ya fi waɗancan girma, jikinsa baƙi-baƙi, ƙirjinsa ja wur.

Matan dukkansu ba su da ado, launinsu toka-toka ne ko ƙasa-ƙasa, wanda ke taimaka musu ɓuya a lokacin kwanci. Nauyin biyun farko ba ya wuce giram 10, wato kwatankwacin nauyin sukari cokalin shayi biyu.

Harshen sha-kauci dogo ne, a naɗe kamar bututu, ƙarshensa a tsage. Da shi yake zuƙo ruwan daga ƙasan fure. Hamingbad na Amurka a iska yake tsayawa cak yana sha, shi kuwa sha-kauci ya fi son ya sami reshe ya dafe. Tsuntsayen biyu ba su haɗa dangi ba, amma da yake abincinsu ɗaya ne, sai siffar bakinsu da harshensu ta zo kusan ɗaya.

Cinikin da ke tsakanin fure da tsuntsu

Tsiro ba ya ba da ruwan zaƙinsa a banza. Domin fure ya zama ɗa, sai garin da ke jikin sashensa na namiji ya kai ga sashen mace na wani furen irinsa. Wannan shi ne barbarar tsirrai. Tun da tsiro ba ya tafiya, sai ya ɗauki ɗan aike, ya biya shi lada da ruwan zaƙi.

Kauci misali ne mai kyau. Furensa dogo ne kamar ashana, kuma bakinsa a rufe yake. Idan ya nuna, sai sha-kauci ya taɓa shi da baki, nan take furen ya fashe, ya watsa wa tsuntsun gari a goshi. Da ya isa fure na gaba sai ya goga garin a can. Bayan kaucin ya yi 'ya'ya, wasu ƙananan tsuntsaye masu cin 'ya'yan itace su ke haɗiye su, sa'an nan su manna ƙwayar mai danƙo a reshen wata bishiyar, inda za ta tsiro. Manomi ya san kauci da cutar da kaɗanya da ɗorawa da lemo, domin ruwa da gishirin jikinsu yake tsotsa. Amma sha-kaucin nan dai shi ne ke ziyartar furen minjirya da gurjiya da zogale da tumfafiya, yana kuma rage ƙananan ƙwari a lambu.

Ruwan fure ya ƙunshi ruwa da sukari iri uku: sukuros, da gulukos, da furuktos. Sukuros shi ne farin sukarin da ake samu daga rake, wanda ake sayarwa a kasuwa. A furannin da tsuntsaye ke yi wa barbara, sukarin yakan kama daga kashi 15 zuwa 25 cikin 100. Na furannin ƙudan zuma ya fi haka kauri. Wannan shi ne ma'aunin da mai haɗa ruwan sukari zai kwaikwaya.

Kafin jiki ya amfana da sukuros, sai wani sinadarin narkarwa da ke cikin hanji, mai suna sukures, ya raba shi gida biyu, gulukos da furuktos. Sha-kauci yana da wannan sinadari. Dangin shaya, tsuntsun nan mai shuɗin ƙyalli, ba su da shi, don haka ruwan sukari mai kauri zawo yake sa su. Wannan na ɗaya daga cikin dalilan da suka sa ba a zuba ruwan a buɗaɗɗen kwano inda kowane tsuntsu zai sa baki.

Ƙaramin jiki yana saurin zubar da ɗumi, kaɗa fiffike kuma yana cin ƙarfi. Shi ya sa sha-kauci ke yini yana sha. Idan ruwan ya cika tsinkewa, yakan sha abin da ya ninka nauyin jikinsa sau uku ko fiye a yini guda, ƙodarsa ta yi ta aikin fitar da rarar. Duk da haka ruwan zaƙi makamashi ne kawai. Abin gina jiki daga ƙwari da gizo-gizo yake samunsa, da su kuma yake ciyar da 'ya'yansa. Hatta sheƙarsa, wadda ke reto a ƙarshen reshe kamar 'yar jaka, da saƙar gizo yake ɗaure ta.

Yadda ake haɗa ruwan

Kayan aiki su ne farin sukari, da ruwan sha mai tsabta, da tukunya, da cokali, da abin awo guda ɗaya.

1. A tafasa ruwan, a sauke shi. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cutar da ke ciki, ta kuma sa sukari ya narke da wuri.
2. A auna ruwan bayan an tafasa shi. Idan aka haɗa sa'an nan aka tafasa, wani ruwan zai tafi a tururi, haɗin ya yi kauri fiye da yadda aka nufa.
3. A zuba awo ɗaya na sukari a cikin awo huɗu na ruwa. Ga mai farawa, cokalin cin abinci 2 na sukari da cokali 8 na ruwa sun isa.
4. A motsa har sai ba a ganin ƙwayar sukari ko ɗaya.
5. A rufe, a bar shi ya huce sarai kafin a kai wa tsuntsaye.

A tsananin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ma'aunin santigireti, ya fi kyau a koma awo ɗaya cikin biyar ko shida. Dalili shi ne rana tana shanye ruwan, sukarin kuwa yana nan, don haka haɗin yana ƙara kauri da kansa kafin la'asar.

Akwai lissafi a nan wanda ya kamata ɗalibi ya gane. Idan da sikeli aka auna, giram 50 na sukari a cikin giram 200 na ruwa, jimilla giram 250 ke nan, kuma 50 cikin 250 shi ne kashi 20 cikin 100. Idan kuwa da kofi aka auna, sakamakon bai kai haka ba. Kofin da ke ɗaukar giram 100 na ruwa, sukarin da zai ɗauka wajen giram 85 ne, saboda iskar da ke tsakanin ƙwayoyinsa. To, 85 cikin 485 ya kama kashi 17 da rabi. Duka biyun suna cikin iyakar da furanni ke bayarwa.

Abubuwan da ba a sakawa

*Zuma.* Mutane da yawa za su ɗauka ita ce ta fi dacewa. Amma da zarar an tsinka zuma da ruwa, ƙwayoyin yis da na fumfuna suna saurin yaɗuwa a cikinta, kuma fumfuna tana iya kama harshe da maƙogwaron tsuntsu.

*Mazarƙwaila da jan sukari.* Suna ɗauke da sinadarin ƙarfe fiye da farin sukari. Ruwan fure ba shi da ƙarfe sosai, jikin mai shansa kuma bai saba fitar da rararsa ba, sai ya taru a hanta ya yi lahani.

*Sakarin da sauran kayan zaƙi na masu ciwon sukari.* Yawancinsu zaƙi ne ba ƙarfi, tsuntsu zai cika ciki alhali yunwa na cinsa. Wani daga cikinsu mai suna zailitol guba ne kai tsaye. A Afirka ta Kudu an taɓa tsintar gawarwakin tsuntsaye masu shan fure da dama bayan sun sha ruwan da aka haɗa da shi a wani gida.

*Kala, da lemon kwalba, da zoɓo, da garin lemo na leda.* Furanni ba sa rina ruwansu. Launin da ke jan tsuntsu a jikin fure yake, saboda haka a jikin mazubi za a sa shi.

Mazubi

A sami 'yar roba mai fāɗi mara zurfi, mai murfi, wadda abinci kaɗai aka taɓa zubawa a ciki. A guji gwangwani domin yana tsatsa, a kuma guji duk abin da ya taɓa ɗaukar magani ko man shafawa ko maganin feshi. A huda murfin wuri uku ko huɗu da ƙusa mai zafi, kowace huda kimanin milimita 3, a kankare bakinta ya yi sumul. Idan murfin ja ne ko ruwan lemo, madalla. In ba haka ba, a yanka jar roba kamar fure a kewaye hudar da ita. A ɗaura ɗan tsinke a gefe domin tsuntsu ya sami madafa.

Kada a cika robar fal. A bar tazarar da ta kusa santimita 1 tsakanin ruwan da murfi. Harshen ƙudan zuma wajen milimita 6 ne, ba zai kai ba, na sha-kauci kuwa zai kai.

Wasu sukan kifa kwalba irin yadda ake yi wa kaji mashaya. Wannan ba ta dace da ƙasa mai zafi ba. Iskar da ke saman kwalbar tana kumbura idan rana ta taɓa ta, sai ta turo ruwan waje ya riƙa ɗiga, ɗigar kuma ita ke kiran zuma da rina da tururuwa.

Maganin tururuwa shi ne a huda murfin kwalba, a zura igiyar ratayar ta tsakiyarsa, a toshe hudar da kakin kyandir, a cika murfin da ruwa. Tururuwa ba za ta iya ƙetarewa ba. Kada a shafa wa igiya man gyaɗa ko bakin mai, domin yana ɓata gashin tsuntsu. Maganin ƙwari kuwa ko kusa da wurin kada ya zo.

A rataye mazubin a inuwa, kamar tsayin mita 2 daga ƙasa, kusa da bishiyar da ke fure, nesa da katangar da kyanwa za ta iya dirowa daga kanta. Ba lalle ne tsuntsaye su zo ranar farko ba, wani lokaci sai an yi mako biyu ko fiye. Ko sun zo ko ba su zo ba, sai an riƙa canja ruwan.

Tsabta

Wannan shi ne sashen da ya fi kowanne muhimmanci. Duk wanda ya ga yadda kunun zaƙi ke tsami kafin yamma da bazara ya san abin da zafi ke yi wa ruwa mai sukari. Ƙwayoyin yis da ke yawo a iska da bakin tsuntsu suna cin sukarin, su mai da shi barasa da iskar kabon. Bakteriya da fumfuna su ma suna biyo baya.

Ƙa'idar ita ce a zubar da ragowar kowace yamma, a wanke mazubin da ruwan zafi da tsohon buroshin haƙori wanda aka ware don wannan aiki, a bi hudojin ɗaya bayan ɗaya, a ɗauraye, a kife ya bushe. Ba a ƙara sabon ruwa a kan tsoho. Idan ruwan ya yi gauraye-gauraye, ko yana kumfa, ko aka ga baƙin ɗigo a jikin roba, an riga an makara. Inda akwai firji, ana iya ajiye haɗin har mako guda. Inda babu, a haɗa na yini ɗaya kawai.

A nisanta mazubin daga akurkin kaji da ɗakin tattabaru, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, kuma ta jawo asarar kaji masu ɗimbin yawa. Duk lokacin da aka ji labarin annoba irin wannan, ko aka ga mataccen tsuntsu kusa da wurin, sai a sauke mazubin, kada a taɓa gawar da hannu, a sanar da ma'aikatan kiwon lafiyar dabbobi.

Makarantar da za ta tafi hutu ta sauke nata mazubin. Rashinsa ba zai cutar da tsuntsaye ba, za su koma ga furanni. Ruɓaɓɓen ruwa shi ne mai cutarwa.

Shin ciyarwar tana da illa ga tsirrai?

Tambaya ce da masana suka ɗauka da muhimmanci. Wani bincike da aka buga a 2021, wanda aka gudanar a gefen birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, ya nuna cewa ajiye mazuban ruwan sukari yana iya rage ziyarar da dangin sha-kauci ke kai wa wasu furannin daji da ke kusa. Idan ɗan aike ya ƙoshi a wani wuri, saƙon fure ba zai isa ba. Darasin shi ne a taƙaita: mazubi ɗaya ko biyu sun ishi makaranta guda.

Taimakon da ya fi ɗorewa shi ne shuka. Minjirya da zogale suna kamawa daga reshen da aka yanka aka dasa. Gurjiya da ɗorawa suna fure da rani, lokacin da ciyawa ta bushe. Bishiya tana ba da ruwan zaƙi sabo kullum, da ƙwari, da wurin sheƙa, ba ta kuma bukatar wanki. A ƙara da kaskon ruwa mara zurfi a inuwa, wanda ake canjawa kowace safiya, domin da bazara ƙishirwa ta fi yunwa damun tsuntsaye.

Yankin nan yana da gado a wannan fanni. Kogin Kafin Hausa reshe ne na Kogin Haɗeja, wanda ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru, masaukin tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da Asiya kowace shekara. A 2008 aka sa dausayin Baturiya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Ga kuma Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013. Yaron da ya ajiye danƙo ya ɗauki littafi yana ƙirga sha-kauci ya kama hanyar irin binciken da ake yi a waɗannan wurare.

Gwajin da aji zai iya yi

Manufa: gano kaurin da sha-kauci ya fi so.

1. A tanadi mazubai uku iri ɗaya. A na farko a sa giram 10 na sukari cikin giram 90 na ruwa, a na biyu 15 cikin 85, a na uku 20 cikin 80.
2. A rataye su a bishiya guda, da tazarar mita 1 a tsakaninsu.
3. Daga ƙarfe 7 zuwa 8 na safe, ɗalibai biyu su zauna shiru daga nesa, su rubuta yawan ziyara ga kowane mazubi, da irin tsuntsun, da ko namiji ne ko mace.
4. Kowace rana a sauya wa mazuban wuri, don kada son reshe ya rikiɗe ya zama kamar son kauri.
5. A auna ruwan da sirinji safe da yamma. A rataye mazubi na huɗu wanda aka lulluɓe da gidan sauro, domin a san abin da rana kaɗai ta shanye, a ɗebe shi daga lissafi.
6. Bayan kwana 10 a fitar da matsakaici, a zana jadawali.

Tambayoyi

1. Me ya sa awon kofi da awon sikeli ba su ba da kashi ɗaya ba?
2. Giram nawa na sukari za a zuba cikin giram 340 na ruwa domin a sami kashi 15 cikin 100?
3. Giram ɗaya na sukari yana ba da makamashi kimanin kilojul 17. Nawa ke cikin giram 30 na haɗi mai kashi 20?
4. Mene ne amfanin mazubi na huɗu a cikin gwajin?
5. A lissafa bishiyoyi biyar da ke fure da rani a garinku, a faɗi abin da ke ziyartar kowacce.

Kammalawa

Ciyar da sha-kauci ɗaukar amana ne. Sharuɗɗansa su ne farin sukari da ruwa kaɗai, awo ɗaya cikin huɗu zuwa shida, mazubi mai murfi a inuwa, da wanki kowace rana. Wanda ya san ba zai iya cika sharaɗin wanki ba, gara ya dasa minjirya ko zogale a bakin rijiya, ya ajiye kaskon ruwa a gindinta.